Kaza da 'Ya'yanta na Berlin: Mutum Bakwai da Suka Mayar da Bitar Wasa Ilimi

A shekarar 1843 wani littafi mai kauri ya fito a Berlin, babban birnin daular Firusiya ta wancan zamani, ɗauke da sunan mawallafin da ya riga ya shekara uku a kabari. Sunan littafin da Jamusanci Handbuch des Schachspiels, wato jagoran wasan ces, darar nan mai gida 64 da ake yi da sarki da sarauniya da dawaki. Mawallafin kuwa Paul Rudolf von Bilguer ne, matashin laftanar wanda rashin lafiya ta raba da aikin soja, ta kuma yi ajalinsa a 1840, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 25. Abokinsa ne ya ƙarasa aikin, ya bar sunan mamacin a bango. Har cikin ƙarni na ashirin, duk mai son sanin yadda ake buɗe wasan ces wannan littafi yake nema.

Tushen littafin wata 'yar majalisa ce ta mutum bakwai, waɗanda babu ko ɗaya cikinsu da ces ce sana'arsa a lokacin. Abin da suka ƙware a kai shi ne zama bayan an gama wasa, a mayar da 'ya'ya gidajensu, a bi taku ɗaya bayan ɗaya har a gano inda aka kauce.

Dalilin da farkon wasa ke da wuya

Mai fararen 'ya'ya yana da zaɓi 20 a takunsa na farko, mai baƙaƙe shi ma yana da amsa 20. Da zarar kowannensu ya yi taku uku, hanyoyin da wasa zai iya bi sun haura miliyan 119. Babu ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki wannan, don haka tun da daɗewa 'yan wasa suke neman 'yan hanyoyin da aka gwada aka ga sun riƙe.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, gwanayen shaɗaranji irin su al-Adli da as-Suli sun rubuta tsare-tsaren jera runduna da suke kira ta'abiya, kowanne da sunansa, kamar Mujannah, wato mai fiffike. Amma wasansu mai nawa ne, 'ya'yan ba sa tafiya nesa, mutum yakan gama shirinsa kafin a gwabza. Wajen shekarar 1475 aka sauya dokoki a Sifaniya: sarauniya ta sami ikon ratsa allo daga gefe zuwa gefe, giwar Larabawa, wadda Turawan Ingila ke kira bishop, ita ma ta sami doguwar tafiya a karkace. Daga nan kuskure a taku na biyar ya zama abin da zai iya kashe wasa.

Littattafai suka biyo baya. Lucena ya buga nasa a 1497, wani limamin coci mai suna Ruy López ya buga nasa a 1561, Gioachino Greco na Italiya ya bar rubuce-rubucen hannu a shekarun 1620. Raunin da yawancinsu suka yi tarayya a kai shi ne aikin mutum ɗaya ne. Wasannin Greco, alal misali, suna nuna hari mai ƙayatarwa a kan abokin karawar da ke yawan yin takun da ya fi muni. Mai karatu yakan haddace harin, ya je fili, ya tarar da wanda ya ƙi yin kuskuren da littafi ya tanadar masa.

Majalisar mutum bakwai

An kafa ƙungiyar 'yan ces ta Berlin a 1827. Bayan kamar shekara goma, wasu daga cikin 'ya'yanta suka taru a gefen Ludwig Bledow, malamin lissafi wanda ya girme su duka. Akwai Bilguer soja, da Tassilo von der Lasa, ɗalibin shari'a wanda daga baya ya zama jakada, da Wilhelm Hanstein ma'aikacin gwamnati, da Carl Mayet masanin shari'a, da masu zane biyu, Bernhard Horwitz da Karl Schorn. Saboda su bakwai ne, aka yi musu laƙabi da Plejaden, sunan tarin taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa kuma Surayya.

Bledow ya riga ya fahimci darajar wasan da aka rubuta. A 1834 La Bourdonnais na Faransa da McDonnell na Ailan sun yi wasa 85 a Landan, wani dattijo a kulob ɗin ya zauna yana rubuta takunsu. Shekara guda bayan haka Bledow ya fitar da hamsin daga cikinsu da Jamusanci. Ƙungiyar Berlin kuma tana karawa da wasu garuruwa, kamar Posen, ta hanyar wasiƙa, inda taku ɗaya kan ɗauki kwanaki, 'yan ƙungiya kuwa su zauna su yi ta muhawara kafin a aika amsa. Wannan ya saba musu da tunani a bayyane, kowa na jin hujjar kowa.

Suka mayar da wannan ɗabi'a kan wasanninsu na gwaji. Sukan ɗauki salon buɗe wasa guda, su gwada shi a junansu, su rubuta, su dawo su yi bita. Wanda ya ci ba ya tsira daga tambaya, domin cin wasa bai nuna cewa kowane taku daidai ne ba. Wanda aka ci kuwa yana da damar nuna inda da ya kare kansa. Abin da majalisar ta samar, wanda marubuci shi kaɗai a ɗakinsa ba ya samu, shi ne abokin da zai zauna a ɗaya ɓangaren da gaske, ya nemi amsa mafi ƙarfi. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, mutum kan taka nasa ya hango na wani, kuma a ces haka abin yake: kuskuren da ya ɓuya wa mai shi ba ya ɓuya wa maƙwabcinsa.

Ɗan littafin da Bilguer ya buga a 1839 ya nuna irin aikin. Ya keɓe shi kacokan ga salo ɗaya, kariyar dawaki biyu, inda baƙi ke fito da dawakinsa biyu tun a taku na uku. A nan fari yakan tura dokinsa ya haɗu da giwarsa su auna gidan da ake kira f7, wanda sarki kaɗai ke gadinsa. Baƙi yakan tare hanya da sojansa na tsakiya, fari ya cinye shi. Abin da ido ke so shi ne baƙi ya rama nan take da doki, amma yin haka na buɗe wa fari ƙofar sadaukar da dokinsa a f7, ya jawo sarkin baƙi tsakiyar fili. 'Yan Italiya sun san wannan tarko tun kusan 1600. Hanyar da aka fi aminta da ita a yau ita ce baƙi ya haƙura da sojan, ya kori giwar da ɗaya dokin, ya sayi saurin fito da rundunarsa. Wanda aka taɓa farautar sarkinsa a wannan wuri, sannan aka zauna da shi aka nuna masa dalili, ba ya bukatar hadda.

Daga majalisa zuwa littafi

Bilguer ya tsara babban littafin, ajali ya katse shi. Von der Lasa, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗauki nauyin, ya haɗa binciken majalisar da abin da magabata suka bari. An jera hanyoyin a cikin jadawali, kowane reshe da layinsa da hukuncinsa, an kuma yi amfani da rubutun harafi da lamba, irin su e4 da f7, wanda a yau shi ne na duniya baki ɗaya. Howard Staunton na Ingila ya ɗebi abu mai yawa daga ciki a littafinsa na 1847. Von der Lasa ya kula da bugu biyar, na ƙarshensu a 1874. Bugu na takwas, wanda Carl Schlechter ya shirya tsakanin 1912 da 1916, ya haura shafi dubu.

Majalisar ita kanta ba ta daɗe ba. Horwitz ya bar Berlin, ya ƙare a Ingila. Aikin jakadanci ya ɗauke von der Lasa zuwa ƙasashen waje. Bledow ya kafa mujallar ces ta Berlin a 1846, ya rasu a shekarar. Amma sun bar fili a gyare, kuma a cikinsa wani malamin lissafi daga Breslau, Adolf Anderssen, ya goge, har ya lashe gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Landan a 1851.

Sunan garinsu kuma ya manne wa wata kariya da suka bincika, wadda ake yi wa salon Ruy López. An daɗe ana ganinta tsohon yayi. A shekarar 2000, a Landan, Vladimir Kramnik ya tono ta don fuskantar Garry Kasparov, wanda ke riƙe da kambun duniya tun 1985. A wannan salo ana musayar sarauniyoyi tun a taku na takwas, sarkin baƙi ya tsaya a tsakiya kamar an tsiraita shi, amma ba a samun hanyar kai masa. Sau huɗu Kramnik ya yi ta, sau huɗu aka tashi canjaras. Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba a duk karawar, kambun ya suɓuce masa. Tun daga nan ake kiranta Katangar Berlin.

Abin da na'ura ba ta maye ba

Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997, hukunci a kan taku ya koma hannun na'ura. Yau ɗan koyo zai gama wasa a wayarsa, cikin daƙiƙoƙi manhaja ta nuna masa inda ya kauce da takun da ya fi. Wannan alheri ne da su Bledow ba su yi mafarkinsa ba. Haɗarinsa shi ne ya mayar da mai koyo halin mai karatun Greco: ya riƙe amsa bai riƙe dalili ba, ya haddace taku goma sha biyar, a taku na shida abokin karawa ya bi wata hanya, ya bar shi a tsaye.

Na'ura takan faɗi takun da ya fi. Ba ta tambayar mutum abin da ya tsorata shi har ya ja da baya, ko abin da ya hango har ya yi gaggawa. Abokin da matsayinsu ɗaya shi ke yin wannan tambaya, domin shi ma abin ya ruɗe shi a wuri guda. Wanda ya zauna a makarantar zaure ya san bambancin biya karatu a gaban malam da muraja'a tsakanin ɗalibai, inda ba a jin kunyar cewa ba a gane ba. Har manyan gwanaye ba su raina wannan hanya ba: Mikhail Botvinnik, injiniyan lantarkin da ya zama zakaran duniya a 1948, yakan gwada sababbin salonsa a wasannin sirri da abokinsa Ragozin kafin ya kai su gasa.

Tsarin da Berlin ta bari mai sauƙi ne, kuma mutum uku ko huɗu da allo ɗaya sun isa su bi shi. A zaɓi salo ɗaya a daɗe a kansa, a yi shi da fari a yi shi da baƙi. A rubuta kowane taku. A zauna bita tun wasan na da ɗumi, kowa ya faɗi abin da ya yi nufi, a gwada hanyar da ba a bi ba. Sai an gama wannan a buɗe littafi ko manhaja, domin a lokacin ne amsarsu za ta tarar da tambayar da ke jiranta.