Cooper Black

Cooper Black, suna, namiji. Nau'i ne na haruffan ɗab'i masu kauri ƙwarai, wanda Oswald Cooper ya zana a birnin Shikago na Amurka, kamfanin Barnhart Brothers & Spindler kuma ya fitar da shi a 1922. Siffarsa ita ce, duk da yawan tawadar da yake sha, kusurwoyinsa ba su da kaifi, domin an dunƙule bakin kowane harafi, an kuma ƙuntata farin gurbin da ke cikinsa, har ana hango shi daga nesa ba tare da ya gajiyar da ido ba. Bai dace da dogon matani ba, alhali kuwa ƙalilan ne suka kai shi kyau a kanun talla, allunan kantuna da bangon faifan waƙa, misali Pet Sounds na 1966.