Hatsin Taimako da Hannun da Ya Bi: Abin da Shekarun Yunwa Suka Nuna wa Maraɗi

Tambayar da ta fi yawa cikin wannan wata ita ce: ga zakkata, ga sadakata, hannun wa zan damƙa su? Ƙungiyoyi sun yawaita, kowace da takardarta da hatiminta. Zan amsa daga abin da ƙasar nan ta gani da idonta.

Tsofaffinmu suna ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914. Bayan yunwar 1931 kuma Nasara suka tilasta wa talakawa zuba hatsi cikin rumbunan ajiya. Dabarar ba ta da laifi, amma mutane sun ƙi ta, domin mai zubawa ba shi da iko a kan ranar buɗewa.

Wadda na shaida ita ce ta 1973 da 1974, ina almajiri. Hatsi ya shigo daga ƙasashen waje, har da jar dawa ta Amurka, amma ƙauye ya yi ta jira. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da mulkin Diori Hamani, kuma cikin hujjojin da Seyni Kunce ya bayar akwai yadda aka yi da kayan taimakon. Ku duba wannan da kyau: masu bayarwa sun bayar, masu yunwa suna nan, ɓarnar a tsakani ta auku. A 1984 fari ya sake haɗuwa da rufe iyakar Najeriya, shi ya sa mutanen nan suka sa wa shekarar suna El Buhari.

Ta 2005 ta fi ba ni tsoro, domin hatsi yana nan jibge a kasuwar Maraɗi, kuɗin saye ne babu. Buhu ya wuce jikka 25. Mata daga ƙauyukan Tsibiri da na Jiratawa suna shigowa da yara a goye, ƙafafu sun kumbura, aka yi ta sayar da hatsi da rangwame ga wanda ba shi da ko dala, ba a soma rabo kyauta sosai ba sai cikin Agusta. A shekarar nan wasu mutane suka zo ƙofar masallacinmu da littafi, suka rubuta sunayen marayu, suka ɗauki hotunansu. Ni na tara musu yaran. Har yau ba su komo ba, kuma har yau ina jin kunyar uwayen.

Akwai abin da ya tsaya da ƙafarsa. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a jahar nan: mata suna zubi kowane mako cikin akwati, ana ƙirga kuɗin a gaban kowa. Wannan ba sadaka ba ce, kuma inda aka ɗora riba a kan rance malamai suna da magana. Na kawo ta ne domin abu guda, ƙirgan nan na bainar jama'a, wanda ya sa tsarin ya bazu har ƙasashe masu nisa.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade jinsi 8 na masu cin zakka, ginin masallaci da haƙa rijiya ba sa ciki a mazhabarmu ta Malikiyya. Waɗannan ƙofar sadaka da waƙafi ce, irin ta Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina. Kuma ana raba zakka inda ta wajaba, ba a kai ta nesa sai in can sun fi buƙata. A shekarar toka, 18 bayan Hijira, an kai abinci Madina daga Sham saboda tsananin yunwar Hijaz. Manomin Jiratawa da ya shayar da gonarsa da inji, rabin ushiri ke kansa, mai noman damina kuwa ushiri cikakke, kuma matalautan garinsu ne farkon masu haƙƙi.

Saboda haka in ƙungiya ta zo maka, tambaye ta wa ke riƙe da mabuɗin rumbu, mutum ɗaya ne ko uku. Tambaye ta unguwar da ta raba bara, sa'an nan ka tafi ka tambayi limamin unguwar da mai unguwa, ba shugaban ƙungiyar ba. Tambaye ta ko tana ware kuɗin zakka daban da na sadaka, don in ta cakuɗa su ta gina ofishi, nauyinka bai sauka ba. Wadda ta yi fushi da tambaya, mayar da kuɗinka aljihu. Ka kuma tambaye ta abin da take tanada domin watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, masu rabon azumi kuwa duk sun watse.