Daga Ma'aunin Auduga Zuwa Ajin Muhasaba

Tun kafin wani ɗanmu ya taka ƙofar jami'a da niyyar karanta tattalin arziki ko aikin akanta, lissafi ya daɗe da zama a ƙauyukanmu na Jazira da bakin kogin Nilu Azrak. Abin da ya sauya cikin shekaru ɗari shi ne hannun da ke riƙe da alƙalamin.

Kakanninmu ba su zo ƙasar nan ta Sudan hannu rabbana ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya sauka kusa da Sinnar a 1906, garin da ya kafa a wurin ya ɗauki sunansa. Masu niyyar aikin hajji suka riƙa biyo sahu, wasu suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Sun zo da lissafin zaure: malami ya raba gado daidai da fara'ili, ya fitar da nisabin zakka, ya bambanta ushurar gonar da ruwan sama ya shayar da rabin ushurar wadda aka yi wa ban ruwa. Bafatake kuwa da ka yake riƙe bashinsa, mata suna juya adashi ba takarda ba biro, kuma da wuya a ji kwabo ya ɓata.

Sai 1925, aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, ruwa ya bi magudanai ya shiga filin Jazira, wani irin lissafi na daban ya shigo tare da shi. Kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ke gudanar da noman auduga daga hedikwatarsa a Barakat, don masaƙun Lankashaya. An yanka ƙasa hawasha-hawasha, kowace fadan 30, aka kuma tsara rabon riba: mai hawasha kashi 40 cikin 100, gwamnati da kamfani su raba sauran, wanda daga baya ya tsaya 40 da 20. Sunan tsarin hisabul mushtarak, wato asusun tarayya. A sayar da audugar kowa, a cire kuɗin gurza da dako da sauran hidimomin da aka haɗa, sannan a raba abin da ya rage. A kan takarda abin ya yi kyau. Amma mai hawasha ba ya ganin daftarin, sai dai mufattishi, wato sufeton kamfani, ya zo a faɗa masa abin da ya samu.

Mu kuwa mafi yawanmu ko cikin masu rabon ba ma ciki. Muna kambo, bukkokin ma'aikata da ke gefen magudana, muna cirar auduga da shara da tuge itacen bayan girbi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ma'auni da yamma ya san yanayin: mace ta sauke ƙunshinta, yatsunta duk ƙaiƙayin kwanson auduga, magatakarda ya dubi allurar ma'aunin ya rubuta wani abu da ba za ta iya karantawa ba, ta karɓi abin da aka miƙo ta ƙulle a bakin mayafi. A cikin daftarin mashru'i, wato shirin noman Jazira, wahalarta tana shafin kashe kuɗi. Idan damina ta yi nisa hatsi ya ƙare, sai a nufi ɗan kasuwa a ci bashin shel, a sayar masa da dawar da ba ta nuna ba a farashin da ya ga dama.

Lokacin da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930, auduga ta yi kwantai, masu hawasha da dama suka watsar da gonakinsu, wasu daga cikin mutanenmu suka samu shiga. Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. A 1950 gwamnati ta karɓi mashru'in daga kamfani, ta miƙa shi ga Hukumar Jazira ƙarƙashin Arthur Gaitskell, kuma maganar wane ne ɗan ƙasa ta ƙara tsanani. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya nuna zaman iyayensa a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali yawancinmu bayan nan muka iso. To, a daidai wannan zamanin ne Jami'ar Khartum, wadda ta samu cikakken matsayinta a 1956, ta buɗe tsangayar tattalin arziki da nazarin zamantakewa. Ɗalibanta sun yi ta nazarin Jazira, Turawa ma suka rubuta littattafai a kanmu, kamar na Mark Duffield a kan Mai Wurno da ya fito a 1981. Ana karanta mu a aji, mu ba ma cikin ajin. Laifin ba na doka kaɗai ba ne, domin iyayenmu da yawa sun ƙi makarantar gwamnati, suna ganin halwa, wato makarantar allo, ta wadatar, kuma ba abin mamaki ba ne ga jikokin waɗanda suka bar gida don gudun mulkin Nasara.

Sauyi biyu suka zo kusa da juna. A 1975 aka kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani, ta ɗauki ɗalibai a 1978, kuma cikin tsangayoyinta na farko akwai ta tattalin arziki da raya karkara. Sunan kansa albishir ne, don ya nuna ƙauye ake nufi. Sannan a 1981, bisa shawarar Bankin Duniya, aka soke asusun tarayya aka kawo hisabul fardi, asusun mutum ɗaya. Kowane manomi ya ɗauki riba da asararsa, ya biya kuɗin ƙasa da na ruwa. A ganinmu wannan ya fi kowace lacca koya wa gidaje darajar ɗan da ya iya karanta takardar lissafi, ko mai hawasha ne ko mai noman rabo da shi.

Ambaliyar ɗalibai ta zo ne da abin da aka kira juyin ilimi mai zurfi na 1990. Aka ƙara yawan ɗalibai, aka buɗe jami'o'i a jihohi, har Sinnar da Damazin suka samu nasu, aka mayar da koyarwa da Larabci maimakon Turanci. Tsangayoyin tattalin arziki da muhasaba da gudanar da kasuwanci suka fi saurin yaɗuwa, tunda allo da alli sun ishe su. Yaron da ya tashi da Larabcin halwa da na kasuwa ya zauna ya koyi madin da da'in, ya kwashi ciniki daga daftarin yaumiyya ya zuba a babban littafin da Larabawa ke kira daftarul ustaz, ya kwana yana neman inda mizanin bita ya ƙi daidaita. Manhajar ma ta sauya. Tun kafa Bankin Faisal na Musulunci a 1977 aka fara maganar banki marar riba, daga baya murabaha da musharaka da salam suka zama darasin jarrabawa. Shi salam, sayen amfanin gona ne kafin girbi bisa sharuɗɗan shari'a, da shi bankuna suka riƙa ba manoman Jazira jari a shekarun 1990. Jikan wanda shel ya cinye wa dawa ya samu kansa yana rubuta bambancin biyun a takardar amsa.

Ba za mu ɓoye ba, yawan ya zo da rauni. Aji ya cika maƙil, littattafai suka yi ƙaranci, ƙwararrun malamai suka tafi ƙasashen Larabawa masu man fetur, masu shahada suka fi guraben aiki yawa. Mashru'in da ya kamata ya ɗauke su ma sai sukurkucewa yake yi, musamman bayan dokar 2005 da ta sakar wa manomi zaɓin abin da zai shuka, ta rage ikon hukumar. Da yawa sun koma kasuwar Madani da ta Sinnar, suna riƙe wa iyayensu lissafin shago ko na motar haya. A Disambar 2023 yaƙi ya shiga Wad Madani, jami'ar ta watse, ɗalibai suka bazu da takardunsu cikin jakar leda. Sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025, kuma waɗanda suka komo, wasunsu saura zango ɗaya ko biyu su gama, sun tarar da magudanan ruwa cike da laka da ciyawa.