Garambawul

garambawul (suna, namiji). 1. A bakin makanikai: kwance inji gaba ɗaya, a wanke, a canza abin da ya ci, a mayar. *An yi wa injin gurzar auduga garambawul kafin kaka.* 2. Sake fasalin ma'aikata tun daga tushe: shugabanni, sassa, har da yadda aka saba gudanar da aiki. *Shirin raya noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya yi wa aikin malaman gona garambawul har ƙauyukan Malumfashi.* Ya fi *kwaskwarima* zurfi, don ita shafe-shafe ce kawai. Ma'aikata kan ji kalmar gabansu ya faɗi, saboda sau da yawa sallama na biye. Dubi *sauyi*.