Daga Buhu Zuwa Damtsen Yaro: Tarihin Agajin Yunwa a Tsakiyar Katsina

A ƙasar Hausa manyan shekarun yunwa suna da sunaye, kuma da su tsofaffi kan auna shekarun haihuwa da na aure. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta fi kowacce muni a ƙarnin da ya shige. Akwai 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, da Muda ta 1953 zuwa 1954. Sunayen kan bambanta daga gari zuwa gari, amma masifar ɗaya ce, kuma ba ta tsallake ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyukan da ke tsakaninsu irin su Tamawa ba. A labaran waɗannan shekaru ana jin tsadar mudu, da mutuwar shanu, da magidantan da suka bar gida ba su dawo ba. Ƙananan yara, waɗanda su ne suka fara mutuwa kuma suka fi yawa a maƙabarta, ba kasafai ake ba da labarinsu ba. An shafe kusan shekara ɗari kafin masu agaji su fara lissafi da yaro shi kaɗai.

Kafin zuwan Turawa, garkuwar talaka rumbunsa ne. Manomin kirki ba ya taɓa sabon gero sai tsoho ya ƙare, kuma gandu babba kan ajiye damman da za su kai shekara biyu ko fiye. Bayan rumbu akwai dangi, akwai zakkar hatsi, akwai gidan mai gari da na attajiri inda ake zuwa neman rance idan abu ya yi tsanani. Idan duk waɗannan suka gaza, sai daji: tafasa, yaɗiya, zogale, rama, aduwa, goruba, ƙwayar ƙarangiya, har da tona gidan tururuwa don kwashe ɗan hatsin da suka tara. Wannan tsari ya ceci rayuka masu yawa, amma an gina shi ne don a tsare gida gaba ɗaya. Cikin babba yana iya jure kwaɗon tafasa da dusa na wata biyu. Yaron da aka yaye jiya, wanda abincinsa tsararon kunu ne, ba ya iyawa. Idan ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura gashinsa ya yi ja, akan ce haƙora ne, ko uwarsa ta yi kwanika ya sha ciki, ko iska ta taɓa shi. Sai a nemi rubutu da jiƙo. Iyaye ba sakaci suke yi ba. Iyakar sanin da ke akwai ke nan a lokacin.

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa tsarin En'e da haraji na tsabar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke, manoma suka ƙara mata fili. Haraji kuwa da kaka ake karɓarsa, lokacin da hatsi ya fi arha, don haka mutum kan sayar da dami da yawa kafin ya haɗa kuɗin da ake binsa. Da ruwa ya ɗauke a daminar 1913, rumbuna da dama sun riga sun yi ƙasa. Abin da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo na agaji kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Michael Watts, masanin da ya zauna a Kaita ya yi bincike, ya fito da wannan a littafinsa Silent Violence na 1983: fari daga Allah ne, amma haraji da bashi da kasuwa su ne suka raunana talaka har fari ɗaya ya iya kayar da shi.

A 1942 ma ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ne. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma tana tattara hatsi don sojoji da ma'aikatan haƙar kuza a Jos, tana kuma ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas a can. Mutane suka riƙa takawa zuwa yamma, wajen Gusau, neman abin da za su sa a tukunya.

Sai farin 1972 zuwa 1974, wanda har yanzu akwai masu tuna shi da idonsu. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, Janar Yakubu Gowon yana mulki, kuɗin man fetur sun fara shigowa. Jaridar New Nigerian ta buɗe asusun neman taimako, gwamnati ta sayi hatsi, motoci suka kai shi hedikwatar gundumomi, hakimai da dagatai suka raba wa masu unguwanni. An ƙirga buhuna, an ƙirga magidanta. Ko nawa ne ya isa bakin ɗan wata goma sha takwas, wannan ba ya cikin takardar kowa. Babban darasin da hukuma ta ɗauka daga wannan fari shi ne a tare ruwa. Daga nan aka samu hukumomin raya koguna, aka kuma gina madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kudu da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 don noman rani da ruwan sha. Ruwan ya taru, amma aikin da aka yi ta dominsa ya daɗe bai tashi ba; sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin kai ruwan sha daga cikinta. Duk mai kishin wannan yanki dole ransa ya sosu idan ya tuna yawan lokutan rani da suka wuce madatsar tana cike, gonakin gefenta a bushe.

Ilimin ceto yaron da yunwa ta kama ya biyo wata hanya dabam. Wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana a shekarun 1930, ta bayyana cutar kumburin yaran da aka yaye, ta nuna cewa daga abinci take. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya nuna wa duniya hotunan irin waɗannan yara, kuma wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971. Sannu a hankali aka gane cewa yaro mai tamowa mai tsanani ba a cika masa ciki farat ɗaya, domin hanta da zuciya da hanjinsa duk sun raunana, abinci mai nauyi yana iya kashe shi. Aka haɗa madara iri biyu, F-75 ta farfaɗowa da F-100 ta mayar da jiki.

Madarar tana aiki, amma da sharaɗi mai nauyi. Sai an dama ta da ruwa mai tsabta, kuma ba ta jure ajiya a zafi, saboda haka dole a kwantar da yaro kusan wata guda, uwarsa na gefensa. Tamowa kuwa ta fi tsananta a Yuli da Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kan ganiyarsu, aikin gona kuma ya kai wuya. Uwa mai 'ya'ya biyar a ƙauye za ta bar huɗu da girki da gona ta je ta zauna a asibiti da ɗaya? Da yawa ba su zuwa, waɗanda suka zo wasu kan tafi kafin a sallame su. Gadaje ba su isa, yara marasa garkuwar jiki suna cunkushe suna ɗaukar cuta daga juna.

A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa abin da ya sauya lissafin: niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin 'yar leda mai nauyin giram 92 wadda ke ba da kalori 500. Sunansa na kasuwa Plumpy'Nut. Babu ruwa a cikinsa, don haka ƙwayoyin cuta ba su hayayyafa. Ba a dafawa, ba a damawa, yaro yana iya tsotsa da kansa. Ga Bahaushe ɗanɗanonsa ba baƙo ba ne, ɗan'uwan tunkuza ne da aka sa wa madara da sukari. Akwai abin tunani a nan: ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano tana aikawa Turai, kafin fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 su karya noman, ita ce ta koma jiran a kawo mata gyaɗa cikin kwali don ceton 'ya'yanta. A farkon shekarun 2000 wani likita, Steve Collins, ya gwada ba wa iyaye mata wannan abinci su tafi da shi gida a Habasha da Malawi, sakamakon ya yi kyau.

Babban gwajin ya faru ne a maƙwabta, a Maraɗi, a 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, farashin gero ya yi tashin da talaka bai iya bi ba, alhali akwai hatsi a kasuwa. Gwamnatin Shugaba Mamadu Tanja ta yi ta musanta cewa akwai yunwa. A wannan shekara MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu ba tare da an kwantar da su ba, kuma mafi rinjaye suka warke. Ƙungiyar ba ta taɓa yin aikin tamowa mai girman haka ba. Iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina layi ne a takarda, kasuwa ɗaya ake ci, cuta ɗaya ake sha, don haka a shekarar ƙungiyar ta buɗe irin wannan aiki a jihar Katsina ma. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da tsarin a hukumance. Nijeriya ta fara shi a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, daga baya ya bazu zuwa wasu jihohin Arewa har da Katsina.

Yadda ake yinsa ba shi da wuyar fahimta. Ana naɗa wani siririn ma'auni mai launi uku a damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja. Ana danna bayan ƙafafunsa da yatsa. Idan gurbin ya zauna bai taso ba, akwai kumburi. Sai a ba shi ɗan abincin a gani ko zai ci. Wanda ya ci, ba shi da zazzaɓi mai zafi ko numfashi sama-sama, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da rabon mako guda, uwa ta koma gida ta dawo mako mai zuwa a sake awo. Wanda ya kasa ci, shi ake kwantarwa a fara masa da madara. Cikin mako shida zuwa takwas, da kimanin kwali ɗaya mai leda 150, yaron da ba ya iya zama ya miƙe yana wasa. A wurare da yawa yanzu ana koya wa iyaye mata su auna damtsen da kansu. Abin da tsarin ya tabbatar, kuma ya kamata a faɗe shi da babbar murya, shi ne matar ƙauye da ba ta yi boko ba tana iya riƙe jinyar da a dā ake ganin sai likita.

Matsalolinsa ma a fili suke. A gidan da kowa ke jin yunwa, uwa ba ta iya hana yayye lasar rabon ƙanensu, sai jinya ta yi tsawo. Ana ganin ledojin a kasuwa ana sayarwa. Yaron da ya warke yana komawa ga tukunyar da ta kwantar da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin yara shida cikin goma a jihar Katsina sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma wannan leda ba ta gyara shi. Mafi girma duka, kuɗin sayen abincin, ko da an fara yin sa a Yamai da Legas da Kano, galibinsu daga masu ba da agaji na waje suke fitowa.

Yunwar shekarun nan kuma ba ta jiran fari. Kurfi da Dutsin-Ma suna maƙwabtaka da Safana da Batsari da Ɗanmusa, a bakin dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka hana mutane gonakinsu na nesa, suka kore shanun da ke ba da nono da taki, suka tayar da ƙauyuka. A Satumbar 2021 ƙananan hukumomin biyu suna cikin goma sha uku da aka katse wa layukan waya a jihar, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Ma'aikacin lafiya ya ji tsoron kwana a ƙauye, uwa ta ji tsoron hanya. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuɗin mota zuwa asibitin Katsina ya zama wani ciwon na dabam.

MSF, wadda ta dawo aiki a jihar tun 2021, ta sanar a Yulin 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, yawancinsu saboda an kawo su a makare, kuma ta yi jinyar kusan 70,000 a wannan tsakani, kusan 10,000 daga ciki sai da aka kwantar da su. Wannan ya zo daidai da lokacin da Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai suka zaftare kuɗin agaji. Gwamnatin jihar ƙarƙashin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta fara zuba kuɗinta a asusun haɗin gwiwa da UNICEF don sayen abincin, kuma wasu ƙananan hukumomi, har da Kurfi, sun yi zaman sulhu da 'yan bindiga a 2025 don manoma su koma gona. Alƙaluman MSF na yaran da suka isa ƙofar asibiti ne kawai. Waɗanda suka rasu a ƙauye kafin a samu kuɗin mota ba su shiga ciki ba, kuma kai awon damtse da kwalin abinci zuwa ƙananan asibitocin mazaɓu, kusa da gidajen iyayensu, nauyi ne da ya rataya a kan kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi kafin watan Yuli na kowace shekara.