Ruwan Zarto Kafin Inji: Tarihin Wani Ƙaramin Ciniki a Sabon Gari

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano, ya yi makonni yana lura da abin da ake saye da sayarwa a birnin. A cikin kayan ƙarfen Turai da ya lissafa akwai allurai daga Nuremberg, da asake daga ƙasar Ostiriya, da ruwan takubba daga Solingen. Takubban ba a haɗe suke ƙetaro Sahara ba. Ruwan kaɗai raƙuma ke kawowa, a Kano ake sa masa ƙota, dukawa su ɗinka masa kube, sa'an nan fatake su wuce da shi wasu ƙasashe. Gangar jikin makami ba ta taɓa gagarar Kanawa ba. Siririn ƙarfen nan mai kaifi shi ne abin da ake jira daga nesa.

Wannan tsohon rabon aiki yana nan har yau, kuma shi ne abin da ya kamata likita ko injiniya ko malamin jami'a ya fara tunawa idan sha'awar aikin katako a ranakun hutu ta kai shi Kasuwar Sabon Gari neman zarton zayyana mai araha. Wannan inji ɗan ƙarami ne da ake ɗorawa a kan tebur. Ruwan zartonsa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana hawa da sauka kamar allurar keken ɗinki, mai aiki kuwa yana juya katako a ƙarƙashinsa yana bin zane. Da shi ake fitar da haruffa, da dagi, da kayan wasan yara, da ado mai huje-huje. Daban yake da zarton lantarkin da kafintoci ke riƙewa a hannu suna yanka filawud, ko da yake wasu masu shago sukan miƙo wannan idan an tambayi wancan.

Kafin zuwan Turawa, aikin itace a Kano na masassaƙa ne, kuma kayan aikinsu gatari ne da gizago. Masassaƙi gungume yake samu ya yi ta rage shi har turmi ko akushi ko kujerar mata ta fito, ba ya haɗa guntaye da ƙusa. Turmi na ƙirya ne, allo na aduwa, rufin soro kuma na azarar giginya. Zayyanar Bahaushe, wadda ba ta da ƙaranci ko kaɗan, ta tafi kan bangon gida, da wuyan riga, da fata, da bayan ƙwarya. Ba ta zauna a kan falle-fallen katako ba, domin babu katakon. Dajin da ke ba da dogayen itatuwa masu faɗi yana can kudu, kuma ba jakin da zai yi jigilarsa.

Jirgin ƙasa ne ya canja wannan. Dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya ya haɗu da Ikko. Wajen 1913 Turawan mulki suka yanka Sabon Gari a bayan ganuwa, daura da Fagge, tsohon zangon ayarin Buzaye da Larabawa, domin akawuna da ma'aikatan jirgi da masu sana'a daga kudancin Najeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. A cikinsu akwai masu aikin katako da suka koyo a makarantun mishan na bakin teku. Kalmar kafinta ta shigo Hausa a wannan zamani, tare da tebur da benci da kabad. Tun 1909 ma Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa, kuma akwai sashen koyon sana'o'in hannu a cikinsu. Amma makaranta ba ta isa ta riƙe sana'a ba. Kasuwar da ta tsiro a Sabon Gari, inda za a sami ƙusa da fata da kwaɗo da zarto a layi ɗaya, ita ce ta riƙe ta. Katakon afara da obeche ya riƙa hawowa a tarago, daga baya filawud na masana'antar Sapele ya biyo.

Shi kuwa zarton zayyana, a lokacin ya riga ya tsufa a Turai. A fadar Sarki Luwis na 14 na Faransa, André-Charles Boulle, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732, yakan jera falle na tagulla a kan falle na ƙoƙon kunkurun teku, ya yanka su tare da siririn zarto, ya musanya guntayen ya lulluɓe akwatunan sarauta da su. Wajen 1766 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katako ya yayyanka ta bisa iyakokin ƙasashe don yara su koyi labarin ƙasa suna harhaɗawa. A shekarun 1870 masana'antun Amurka, irin su na W. F. da John Barnes a Rockford, suka sa wa zarton feda, ya koma injin da ake takawa da ƙafa, ya shiga gidajen talakawa.

Wanda ya fi kowa fahimtar cinikin shi ne kamfanin Hobbies na garin Dereham a Ingila, wanda ya soma fitar da mujallarsa ta mako-mako a 1895. Kamfanin ya gane cewa inji sau ɗaya ake saye, amma ruwan zarto kullum karyewa yake yi. Saboda haka kowane mako sai ya ba mai karatu sabon zane, ya kuma tanadi ruwan zarto da falle-fallen katako a aika masa ta gidan waya. Sha'awar ta rayu shekaru da dama a Ingila saboda wannan igiyar ba ta yanke ba.

A Kano kuwa ɗan'uwansa ne ya yi sa'a. Keken ɗinki da zarton zayyana kusan tsarinsu ɗaya: feda, da bel, da siririn ƙarfe mai hawa da sauka. Keken Singer, daga baya Butterfly na Sin, ya shiga kowane lungu na Fagge, domin yadi yana Kantin Kwari, allura tana wajen kowane ɗan koli, mai gyara yana bakin titi, kuma kowa yana buƙatar riga ranar salla. Zarton zayyana bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kafintan Sabon Gari ƙofa da taga da gado ake nema a wajensa, ba ya da lokacin huda fure a jikin katako, mai albashin da zai yi abin don nishaɗi kuwa bai yi yawan da ɗan kasuwa zai tara masa kaya ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Tarzomar 1966 ta kwashe 'yan kasuwar Sabon Gari da yawa, bayan 1970 suka dawo. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan aikin Ingila da Jamus suka fi ƙarfin mai saye, gwanjo ya cike gurbin. Daga farkon wannan ƙarni kayan Sin suka mamaye shaguna. Kasuwar da kanta, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta sha gobara, mafi muni ita ce ta watan Maris na 2016 da ta cinye dubban shaguna. A duk wannan jujjuyawar, ɗan kasuwa ya koyi ajiye abin da ke fita da sauri. Inji guda mai kyan kwali yana iya zama a kanta ya jira mai rabo. Ƙunshin ruwan zartonsa, mai ɗan ƙaramar riba da ƙarancin masu nema, shi ake mantawa a yi oda.

Don haka tambayar farko a shago ba ta kuɗin inji ba ce, ta irin ruwan da yake ci ce. Tsawonsa kusan kullum inci 5 ne, wajen santimita 13, amma iri biyu ne. Akwai mai ɗan gicciyayyen ƙarfe a kowane kai, wanda ake rataya shi a ƙugiya, shi ne yawancin injuna masu araha ke zuwa da shi. Yana da sauƙin sawa, sai dai yana da kauri, kuma idan za a yanke tsakiyar zane, kamar cikin harafi ko idon dagi, sai an huda rami na wajen milimita 5 kafin kansa ya wuce. Akwai kuma mai miƙaƙƙen kai wanda ake matsewa da noti. Wannan yana shiga ramin da bai fi milimita 1 ko 2 ba, kuma shi ne ake samu a sirara iri-iri. Wanda burinsa yankan haruffan ajami ko zanen da ya yi kama da aikin wuyan riga, injin da ba ya karɓar na biyun ba zai kai shi ko'ina ba, komai arahar sa. Wanda kuma motocin wasa zai yi wa jikoki da katako mai kauri, na farkon ya ishe shi.

Sauran abubuwan dubawa ba su da yawa. Tazarar da ke tsakanin ruwan zarto da ƙashin bayan inji ita ke ƙayyade girman katakon da za a iya juyawa, kuma inci 16 da aka saba gani a ƙananan injuna ta wadatar da mai aikin ƙarshen mako. Nauyi alheri ne a nan, domin injin da ba shi da nauyi rawa yake yi, rawar kuwa ita ke karya ruwa ta kauce da layi. A sa mai shago ya kunna shi, a ɗora murfin kwalba a kan faifan a ga ko zai zauna ko zai kama hanya. Gwanjon da ya fito daga Amurka na wutar 120 ne, ta Najeriya kuwa 230 ce, kuma an sha jona irinsa ba taransifoma ya ƙone nan take. Maɓallin rage gudu da ƙara shi abu ne mai daɗi, amma allon lantarkin da ke bayansa ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, kuma samun madadinsa ya fi wuya. Koyil da ya ƙone, ko ƙarfen da ya tsage, waɗannan masu gyara a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa sun saba da su.

Katakon ma yana da nasa sharaɗin. Wanda aka sauke ɗanye a 'Yan Katako na Na'ibawa, idan aka fere shi falle-falle aka yi masa huje-huje, hunturu na zuwa zai lanƙwashe ko ya tsage. Filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6 ya fi haƙuri ga mai koyo, muddin cikinsa ba rami-rami ba ne.

Mai koyo yakan karya ruwan zarto biyu ko uku a zama ɗaya kafin hannunsa ya faɗa, wanda bai karye ba kuma dakushewa yake yi, ba a wasa shi. 'Yan ƙwayoyin da ke cikin kwalin sabon inji ba za su kai wata ba. Idan mai shagon bai iya ɗauko dozin daga kanta a lokacin ba, ya ce a dawo mako mai zuwa kaya na hanya, mai saye yana da zaɓi biyu: ya fara tabbatar da wanda zai riƙa aiko masa da su daga Ikko ko daga waje, dozin goma sha biyu a lokaci guda, ko ya ajiye maganar inji ya sayi ƙaramin zarton hannu mai siffar baka, irin na maƙeran zinariya, ya yi wata uku yana yanka da shi a ga ko sha'awar za ta kai damina.