Makulli a Cikin Kaset

Mu da muka tashi tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 mun gaji musu iri biyu, kuma har yau ba mu gama ko ɗaya ba. Na farko a gidan gem muka koye shi, muna zaune kan benci muna jiran layi ya zo kanmu: Sega ce ta fi ko Nintendo, daga baya PlayStation ce ko Xbox. Na biyu sai da muka shiga jami'a muka tarar da shi a ɗakin kwamfuta: Windows, ko Linux, ko Mac ga wanda gidansu ke da hali. A duka biyun hujjojinmu ba sa wuce wannan ta fi gudu, waccan hotonta ya fi fita, wannan ba ta cika maƙalewa ba. Sai da muka fara rubuta manhaja da hannunmu, muka zo kai ta kasuwa, sannan muka lura cewa kamfanonin da muke tada jijiyar wuya a kansu wani abu dabam suka shekara arba'in suna kokawa a kai. Ƙofa ce. Wa ke da ikon cewa wannan manhaja za ta shiga na'ura, waccan ba za ta shiga ba, kuma nawa za a biya shi a bakin ƙofar.

A 1980 kamfanin IBM yana sauri ya fitar da ƙaramar kwamfuta ta kan tebur, kuma yana neman babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, wato wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. Wadda ke tashe a lokacin ita ce CP/M ta Gary Kildall, mai kamfanin Digital Research, amma ba su daidaita ba. Microsoft, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne mai sayar da harsunan rubuta manhaja, ya ce zai kawo, alhali ba shi da ita. Ya je wurin wani kamfani a Seattle ya samo 86-DOS da Tim Paterson ya rubuta, daga baya ya saye ta gaba ɗaya a kan dala 50,000. Kwamfutar IBM ta fito a watan Agustan 1981. Mai saye yana da zaɓi: DOS a kan dala 40, ko CP/M a kan dala 240. Ba sai an faɗi wadda mutane suka ɗauka ba.

Abin da ya fi farashin muhimmanci yana cikin takardar yarjejeniya. Microsoft bai sayar wa IBM manhajar ba, lasisi ya ba shi, ya kuma riƙe 'yancin sayar wa duk wanda ya ga dama. Da Compaq ya fitar da kwamfutar da ke aiki daidai da ta IBM a 1983, sauran kamfanoni suka biyo baya, kowa ya ƙera tasa, kowa kuma ya zo wurin Microsoft neman DOS. IBM ya gina kasuwa, wani ya zauna yana karɓar kuɗin rumfa. Sai dai kasuwar a buɗe take ta ɓangare ɗaya: duk wanda ya iya rubuta manhaja yana iya sayar da ita ba tare da neman izinin kowa ba. Sana'armu a kan wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ta girma.

A daidai waɗannan shekaru, buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta kusan kashe na'urorin wasa. Atari 2600 ta fito a 1977 ba tare da wani shinge ba. A 1979 wasu ma'aikatan Atari suka fice suka kafa Activision, suna yi wa na'urar wasanni da sunan kansu. Da aka ga abin ya karɓu, kowa ya shigo, mai iyawa da marar iyawa, har kantuna suka cika da kaset ɗin da ba mai so. Atari ma bai tsira ba: wasansa na E.T., da aka haɗa cikin 'yan makonni don ya riski cinikin Kirsimetin 1982, ya dawo masa jibgi-jibgi. A 1983 kasuwar ta rushe a Amurka, kamfanin ya kwashi kaya ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tono wurin a 2014 aka ga kaset ɗin da ido.

Hiroshi Yamauchi, shugaban Nintendo, kamfanin Kyoto da ya faro da buga karta tun 1889, ya karanta wannan darasi yadda ya dace da shi. Da na'urarsa Famicom ta 1983 za ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES, sai aka dasa mata wani ɗan cif mai suna 10NES. Ɗaya a cikin na'ura, ɗan'uwansa a cikin kaset. Idan ba su gaisa ba, wasa ba zai tashi ba. Mai son yin wasa sai ya sa hannu a takarda: ba zai wuce wasa biyar a shekara ba, Nintendo ne zai buga masa kaset ɗin, kuma ba zai kai wasan wata na'ura ba har shekara biyu. An yi ta kiran wannan danniya, kuma danniya ce. Amma ita ce ta dawo da yardar iyaye da masu kantuna, kuma duk wata na'urar wasa da ta zo bayanta a kan wannan tsari ta ginu: a sayar da na'ura da arha, wani lokaci har da asara, a ci riba a bakin ƙofa.

Nan ne labarin ya fara taɓa mu, ta bayan gida. Famicom ta Japan ba ta da wannan makulli, don haka masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwaye ta ba iyaka. Ita ce ta iso mana da sunaye kala-kala, da bindigar harbin agwagwa, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wasa dubu-dubu a jikinsa, a ciki kuwa 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Mun shekara muna buga Mario da Contra ba mu taɓa ganin Nintendo ta gaske ba, ba mu ma san akwai ta gaske da ta jabu ba.

A watan Yunin 1991, a baje kolin kayan lantarki na Chicago, Sony ya sanar cewa yana haɗa wata na'ura mai suna Play Station tare da Nintendo, wadda za ta karanta faifan CD. Washegari Nintendo ya hau dandali ya ce shi da Philips zai yi aiki. Dalilin wannan cin fuska shi ma takarda ce: yarjejeniyar ta bar wa Sony iko da kuɗin lasisin wasannin faifai, kuma Yamauchi ba zai bar wani ya riƙe masa makulli ba. Injiniyan da ke bayan aikin, Ken Kutaragi, wanda shi ya ƙera cif ɗin sauti na Super Nintendo, ya shawo kan shugaban Sony Norio Ohga cewa su ci gaba su kaɗai. PlayStation ta fito a Japan a Disambar 1994. A baje kolin E3 na 1995, bayan Sega ya sanar da Saturn a kan dala 399, wakilin Sony ya hau mumbari ya furta farashin tasu, 299, ya sauka.

Nintendo ya tsaya kan kaset a Nintendo 64 ta 1996. Kaset yana tashi nan take, yana da wuyar kwafa, amma yana da tsadar bugawa, kuma mafi girmansa megabait 64 yake ɗauka, faifai kuwa sama da 600. Masu yin wasanni suka yi lissafi suka yi ƙaura. Mafi zafi shi ne Square, da ya kai Final Fantasy VII wurin Sony a 1997 a kan faifai uku. A ƙarshe PlayStation ta wuce miliyan 100, Nintendo 64 ta tsaya wajen miliyan 33, duk da cewa a wasu fannoni ita ce ta fi ƙarfi. Sega kuwa ya bar ƙera na'ura baki ɗaya a 2001.

Sony ma ya sa nasa makullin. Akwai wata alama a jikin faifansa da na'urar kwafa ta gida ba ta iya bugawa. Amma ɗan cif da mai gyara zai liƙa da dalma ya isa ya yi wa na'urar ƙaryar cewa ta ga alamar. Wannan, a ganinmu, shi ya sa PlayStation ta mamaye gidajen gem ɗin unguwanninmu, musamman PlayStation 2 ta shekarar 2000, da ƙwallon Konami da muka yi ta ɓata abota a kanta. Mai gidan gem da ke sayen fetur ɗin janareta ba ya tambayar wace na'ura ta fi kyan hoto. Yana tambayar wacce ce idan faifanta ya karce zai samu wani gobe da kuɗi kaɗan.

Haka Windows ta shigo mana, a faifan da aka rubuta lambar sirri a bayansa da biro. Yau da muke cin abinci da manhaja ba ma faɗin wannan da alfahari, don mun san zafin ka yi aiki wani ya kwafa. Amma masu kayan ma sun san lissafin. A 1998 Bill Gates, yana magana kan Sin a Jami'ar Washington, ya ce tunda dai za su sata, gara su saci tasu, su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Mun saba ɗin kuwa. Duk takardar ofis da duk darasin makarantar koyon kwamfuta a kan Windows aka gina su.

Wata biyu bayan abin da ya faru a Chicago, a Agustan 1991, wani ɗalibi a Helsinki mai suna Linus Torvalds ya sanar cewa yana rubuta zuciyar wata babbar manhaja don nishaɗi. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL na Richard Stallman, wanda ya juya makulli baibai: kowa na iya ɗauka ya gyara ya raba, da sharaɗin ba zai kulle wa na bayansa ba. Me ya hana Linux cin teburin mutane, tunda kyauta ce? Amsar da muka fi bayarwa a makaranta ita ce wuyar sha'ani, kuma akwai gaskiya a ciki; wanda ya taɓa kwana yana neman yadda modem zai yi aiki ya sani. Amma akwai wata ƙofa a masana'anta. Shekaru da dama Microsoft yana karɓar kuɗi daga masu ƙera kwamfuta a kan kowace na'ura da suka sayar, ko da ba manhajarsa ce a kai ba, har sai da ma'aikatar shari'ar Amurka ta sa ya daina a 1994. Kafin nan an riga an saba: kwamfuta da Windows take zuwa. Mu dai da yawanmu Linux ta gidan waya ta zo mana, lokacin da Ubuntu ke aika faifai kyauta ga duk wanda ya nema, kafin a rufe shirin a 2011.

Daga nan hanyoyin biyu suka fara cakuɗewa. Xbox ta 2001 kwamfuta ce sak, da Pentium III a cikinta, aka kulle ta aka ajiye gaban talabijin. PlayStation 3 ta 2006 ta zo da damar a sa mata Linux, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta mayar da su babbar kwamfuta ɗaya. A Afrilun 2010 Sony ya janye wannan dama ta hanyar sabunta manhaja, a na'urorin da mutane suka riga suka saya da kuɗinsu. Mai na'ura ya zaɓa: ko ya riƙe Linux ya rasa shiga intanet ɗin Sony, ko ya sabunta ya rasa Linux. A wurinmu wannan rana ta fi ranar fitowar kowace na'ura muhimmanci, don ita ta nuna cewa makulli ya bar cikin kaset ya koma ofishin kamfani, ana iya murɗa shi daga nesa. Apple ya riga ya kai tsarin Yamauchi cikin waya tun 2008 da App Store da kashi 30 ɗinsa. Zuwa 2013, PlayStation 4 da Xbox One duk cif ɗin AMD suke ɗauke da shi, kusan uwa ɗaya uba ɗaya, amma musun magoya baya bai ragu ko kaɗan ba. Sai a 2022 abin ya juya ta ɗaya gefen, da Valve ya fitar da Steam Deck, na'urar wasa da ke tafiya kan Linux tana buga wasannin Windows, wadda kuma mai ita ke iya sa mata abin da ya ga dama.

Ƙofar bayan da ta shigo da mu tana ƙara tsukewa. Xbox Series S da wani nau'in PlayStation 5 ba su da ramin faifai ko kaɗan; wasa sai an sauke shi, da data mai yawa da katin da ke biya da kuɗin waje, kuma ba a ara wa aboki. A ɓangaren kwamfuta, tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa tana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Da yawa daga cikin laftof ɗin tokumbo da ke kan teburan kasuwanninmu, waɗanda ɗalibai ke saya don aikin kammala karatu, sun girmi wannan sharaɗi, ko da yake lafiyarsu ƙalau. Abu uku ne zai hau kansu: Windows 10 da ba a toshe mata ɓaraka, ko Windows 11 da aka cusa ta ƙarfi, ko Linux. Mafi yawan masu saye ba za a tambaye su ba. Yaron shago ne zai zaro filashi daga aljihu ya sa abin da ke ciki, ya ce a dawo bayan la'asar.